Mai Karatu Baki a Rufe

A Dakoro, a shekarun da Faransawa suka gina bariki suka zaunar da kumandan a ciki, kowa ya san yadda ake karatu. Mutum ya yi alwala, ya tanƙwashe ƙafa bisa buzu, ya ɗora yatsa kan layi, ya ɗaga murya yana rangaji, har mai wucewa ta bayan danga ya ji ya ce masha Allah. In ya yi kure, na kusa ya gyara masa. Ko ƴan lakwal masu karatun nasara da ihu suke yin nasu, ana jiyo su tun daga bakin kasuwa. To ana nan sai ga Sa'adu ƙanen Isufu ya dawo daga yaƙin Indoshin da ɗingishi a ƙafar hagu, da akwatin ƙarfe, da wani irin karatu da garin bai taɓa gani ba.

Isufu fatoma ne. Makiyayan arewa in sun koro bisashe kasuwar Dakoro gidansa suke sauka, ya ba su tabarma da tuwo, ya ɗaure musu dabbobi a bayan gida, ranar kasuwa ya shige gaba ya yi musu ciniki. Daga ubansa Mamani ya gaji sana'ar, kuma ba ta da wani jari sai yarda. In baƙo ya fara ɗari-ɗari da gidan da yake kwana, to fatoma ya shirya zama ɗan kallo a kasuwa.

Sa'adu kuwa shi kaɗai ya rage masa cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. An ɗauke shi soja gemu bai fito ba, shekaru suka yi ta tafiya ba labari, har uwarsu ta rasu tana tambayar ko an ji ɗuriyarsa. Ran da ya sauko daga kamyon Maraɗi, babbar motar nan ta kaya da mutane, Isufu, ƙaton mutum da furfura a haɓa, ya rungume shi a tsakiyar tasha ya fashe da kuka, ƴan dako suna kallo. Nan take ya rantse a ransa cewa ƙanen nan nasa ba zai sake barin gidan Mamani ba.

Matarsa Dela ce ta fara tsokano zancen, wata rana tana zuba masa fura.

"Maigida, ƙanen nan naka mi yake yi da takardar nan bayan gida?"

"Karatu mana."

"Karatu? Ni dai na wuce shi da tulu, na dawo na sake wuce shi, ko tari ban ji ba."

Isufu ya daka mata tsawa, ya ce ta ji da tukunyarta. Amma magana ta riga ta shiga. Da la'asar ya zagaya bayan gida kamar mai duba igiyar raƙumi, ya laɓe jikin rumbu yana leƙe.

Kai, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Sa'adu na kwance rigingine bisa tabarma a gindin aduwa, dab da turakun da ake ɗaure bisashen baƙi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, littafi a saman fuska. Ba alwala, ba buzu, ba yatsa kan layi. Ta ƙarshe ya buɗe littafin, ba yadda malamai ke buɗe nasu ba, yana juya takardun ta baibai, kuma kowa ya san irin mutanen da ke karanta abu a juye da irin aikin da suke yi da shi. Leɓe kuwa a rufe gam. Isufu ya zuba wa bakin nan ido har ƙafarsa ta mutu, bai ga ko motsi ba. Ido ne kawai ke tafiya, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Can kuma sai mutumin ya yi dariya shi kaɗai, ba wanda ya ce masa komai. Isufu ya sulale ya koma zaure.

Ya yi ta lallashin kansa. Soja ne, ya ga duniya, ƙila haka suke yi a can. Da abin ya tsaya iya nan da ya haɗiye ya yi shiru, sai dai bai tsaya ba, don Intalla ya iso.

Intalla dattijo ne daga rijiyoyin Korahane, abokin Mamani tun suna samari, kuma duk gidan da ya sauka nan sauran makiyayan yankinsu ke sauka. Wannan karon ya shigo fuska ba walwala, ɗan ƙanensa Alhusaini na biye da shi, wani dogo mai saurin hawa wanda ko gaisuwa da gatse yake yin ta. Abin da ya faru shi ne, kafin a zo ƙidayar jangali sun kora rabin garkensu cikin wani kwari da suke ganin ba wanda ya san shi, sai ga gumiye, sojojin kumandan masu hawa raƙuma, sun nufi kwarin kai tsaye kamar an aike su ɗauko ajiya.

Yanzu fa, mai hankali ya san gumiye ƴaƴan daji ne, cikin bisashe aka haife su, bin sawu suka iya tun ba su yi wayo ba, ba sai an gwada musu hanya ba. Amma je ka gaya wa wanda abin ya shafa. Su Intalla ba sawu suke tunani ba, mutum suke nema.

Sai da aka sha shayi aka kai kofi na ƙarshe sannan dattijon ya gyara rawaninsa ya yi magana.

"Ɗan Mamani, wane ne wanga da ke kwanciya inda muke ɗaure bisashe?"

"Ƙanena ne, Baba. Sa'adu. Ai ka san shi tun yana rarrafe."

"Na san wanda aka tafi da shi. Wanda aka maido ban san shi ba."

Alhusaini ya karɓe zancen, dama jira yake. "Zuwanmu na baya, a gindin iccen nan muka zauna muna shawarar inda za mu kai garke. Yana kwance kusa da mu da takarda a fuska, ba motsi, muka ce barci yake. Ashe ido biyu. Mai karatu na gaskiya muryarsa ke cika mishi kunne, ko ka zage shi ba ya ji. Shi wanga bakinsa a rufe, to mi kunnensa ke yi? Kuma an ce kowane wata sai ya hau bariki, ya ƙame ya sara."

"Pansiyonsa na soja yake zuwa karɓa," in ji Isufu.

"Haka ya gaya maka."

Intalla bai ɗaga murya ba, ba ɗabi'arsa ba ce. Ya ce shi dai a gidan nan ya yi samartaka, a nan yake so ya tsufa, amma ba zai kwana inda ba zai iya magana da ɗansa ba. Ya ce Elhaji, fatoman da ke can gabas da kasuwa, shekara da shekaru yana aiko masa da goro shi kuwa yana mayar masa, bana kam bai mayar ba tukuna.

Daga ranar Isufu bai sake samun sukuni ba. Ya shiga bin ƙanensa da ido, abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ran da Sa'adu ya tafi bariki ya bi shi daga nesa, ya gan shi ya ƙame gaban gardi, ɗan sandan bariki, ya sara, gardin ya dafa kafaɗarsa suka yi ta faransanci suna dariya. Dariyar mi? Oho. Ya dawo gida. Sai ya ce bari ya gwada shi. Ya kira Dela suka tsaya dab da aduwa, ya ɗaga murya ya ce gobe zai sayar da gidan nan ya koma Kornaka da noma. Dela ta zaro ido, ya harare ta. Da suka zauna cin tuwo ya jira ƙanen ya tambaye shi, Sa'adu ya ci ya ƙoshi ya yaba miya, bai ce komai ba. Ka ga da wani ne sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ashe da gaske ba ya ji. Shi kuwa Isufu sai ya ce a ransa, lallai an koya masa ɓoye abin da ya ji. Duk ta inda ya juya abin, zargin ne ke fitowa a sama, kuma yana jin kunyar kansa kamar ya nitse.

Da ya ga abin zai kashe shi, sai ya je ya same shi gindin aduwa da hantsi, ya zauna gefen tabarma. Sai da ya taɓa ƙafarsa sannan Sa'adu ya sauke littafin, ya tashi zaune da sauri.

"Yaya, ban ji zuwanka ba."

"Haka dai ake cewa, ba ka ji." Isufu ya kwashe zancen Intalla kaf ya gaya masa, yana magana yana kallon ƙwayar idonsa ko zai ga wani abu. Bai ga komai ba sai gajiya.

"Kai ma ka yarda?" in ji Sa'adu.

"Ni ban ce na yarda ba. Amma ka gaya mini, wane irin karatu ne wanga da ba a ji? Wa kake ɓoye wa?"

Sa'adu ya shafa bangon littafin. Ya ce a gidan likitan soja ya koya, lokacin da aka ciro masa ƙarfe a ƙafa. Wani ɗan Dahome da ke gadon kusa da shi ne ya nuna masa baƙaƙen. Ɗakin cike yake da waɗanda ko faɗuwar cokali ke sa su ihu, saboda haka ba a yarda kowa ya yi magana da ƙarfi ba, da ido suka yi ta yi har ya iya.

"Akwai ƙara cikin kaina, Yaya," in ji shi. "Da ita na dawo. In na buɗe takarda na rufe baki, sai ta lafa. Ba na jin ta, ba na jin ku, ba na jin kowa. Dalilin ke nan."

"To ka karanta musu da murya sau ɗaya, su ji da kunnensu, a wuce wurin."

"A'a."

"A'a? Ni kake ce wa a'a?"

"Yaya, shekara nawa ana gaya mini lokacin da zan tashi, da lokacin da zan kwanta, da ƙafar da zan fara ɗagawa. Abin nan kaɗai ne ba wanda ya ba ni umarninsa. In na so in fara daga tsakiya, in na so in bar shi rabi in ɗauki wani, in na so in kwanta. Kai da kanka a kasuwa kana jan mai saye gefe ku yi raɗa, ba wanda ke jin abin da kuka ce. An taɓa ce maka munafuki?"

Maganar ta shigi Isufu, shi ya sa ya hasala. Sai ya ɗauko abin da bai kamata ya ɗauko ba.

"Don nonon da muka sha, Sa'adu. Don darajar wadda ta rasu tana kiran sunanka. Sau ɗaya."

Sa'adu ya sunkuyar da kai. Ya ce to.

Bayan la'asar aka taru a zaure. Intalla a bisa buzu, Alhusaini a bakin ƙofa da sandarsa, sauran makiyaya sun jeru jikin bango ba ka ganin komai sai idanu. Sa'adu ya zauna tsakiya ya buɗe littafin, aka yi ƴar gunaguni da aka ga ta inda ya buɗe. Ya fara. Wayyo, abin tausayi. Mutumin da idonsa ke gudu bisa takarda, da aka ce ya yi da baki sai ga shi yana tuntuɓe, yana in'ina, kalmomin da bai taɓa furtawa ba suna maƙale masa a wuya. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya karanta kaɗan ya tsaya ya fassara: labarin wani tsoho ne da aka ba aikin kunna fitila bisa wata doguwar hasumiya a bakin teku, don kada jiragen ruwa su yi karo da duwatsu. Shi kaɗai yake zaune da akuyarsa, sai rannan man fitilar ya kusa ƙarewa, ga hadari ya taso.

Wallahi har Intalla ya fara gyara zama, ya tambayi ko akuyar tana da nono. Isufu ya ji numfashinsa ya fara dawowa. Sai Alhusaini ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya. Ruwan nan da kake faɗi, girmansa kamar mi?"

"Sai ka yi wata kana tafiya bisansa ba ka ga gaɓa ba."

"Na daɗi ne?"

"Na gishiri."

Makiyayan suka dubi juna.

"Bisashen wa ke sha?" in ji Alhusaini a hankali.

"Ba a shayar da bisa da shi. Ba garke ko ɗaya a wurin."

Ai sai wurin ya ɓarke. Wani ya yi dariya, wani ya yi tsaki. Su za a gaya wa ruwan gishiri? Su da kowace damina suke kora garke kwana da kwanaki zuwa Tagidda don bisashe su sha ruwan gishiri su yi ƙiba, har a yi ta rigima a kan wanda zai fara shayarwa? A ce ga shi nan shimfiɗe tafiyar wata guda, ba raƙumi, ba saniya, ba ko sawun tunkiya, sai wani tsoho da akuya ɗaya tak!

"Na gan shi da idona," in ji Sa'adu. "Ta kansa aka kai mu, ta kansa aka maido mu."

"Ƙirƙira yake," in ji Alhusaini, bai ko dube shi ba. "Yana kallon takarda yana shirya muna tatsuniya. Wa ya san abin da ke rubuce a ciki? In sunayenmu ne da na rijiyoyinmu fa?"

Intalla ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ɗan Mamani, mun ji abin da ya fito daga bakinsa, kuma bai yi kama da gaskiya ba. Abin da ke cikin takarda kuwa har yanzu ba mu sani ba. Ga abin da zai sa mu zauna: takardun nan duka su koma ɗakinka, ka sa kwaɗo, mabuɗi a wuyanka. In ya kwanta kusa da mu, mu ga fuskarsa."

Duk idanu suka koma kan Isufu. Shi ma fa, gaskiya, maganar ruwan nan ta tsaya masa a rai, don bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Ya ce ya yarda. Bai tambayi mai takardun ba. Sa'adu ya rufe littafin ya miƙa masa da hannu biyu, ya tashi ya fita yana jan ƙafa.

Baƙi suka zauna, kasuwa ta yi kyau, goron Elhaji aka mayar masa. Alhusaini har gaisar da Sa'adu yake yi yanzu, da "soja, ina gajiya?" Isufu ya zuba takardun cikin akwatin ƙarfen Sa'adu ya sa kwaɗo, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya rataya mabuɗi a wuya tare da layunsa, ya ce Alhamdu lillahi an rabu da fitina, ga baƙi ga ƙane.

Sa'adu bai yi ƙorafi ba, da ma ya yi. Kullum yana nan gindin aduwa a zaune, hannu ba komai, ido a buɗe tar. Yanzu ne ma yake jin duk abin da ake faɗa, tunda ba abin da zai toshe kunne da shi, amma su baƙin hankalinsu ya kwanta, ka ji wauta. In mata suka fara daka sai ka ga kafaɗarsa tana zabura da kowane saukar taɓarya. Tuwo ya rage ci. Ya daina yaba miya. Rannan da rana tsaka wani kwanon rufi da aka jingine a gidan maƙwabta ya faɗi ƙasa da ƙara, kafin ka ce mi, Sa'adu ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin rumbu, ya rufe kai da hannuwa yana ihu da faransanci. Mata suka tsaya da taɓare a hannu. Da ya fito, rigarsa duk kashin kaji, bai dubi kowa ba, ya shige ɗaki ya sauke asabari.

Isufu ya ga wannan da idonsa. Zuciyarsa ta karye, amma ko a lokacin sai da wata murya ta ce masa, in kuma wasa yake don a maido masa takardu fa? Ya tsani muryar nan, ya kuma kasa korar ta.

Ana gobe kasuwa za ta sake ci, Dela ta tare Isufu a bakin ɗaki, ta rage murya.

"Maigida, ƙanenka ya wanke tufafinsa ya ɗaure. Ya je tasha ya kama wuri a kamyon da zai koma Maraɗi gobe bayan kasuwa."

Isufu ya same shi zaune bakin gado, ƙunshin kaya a gefe.

"Ina za ka?"

"Maraɗi, Yaya. Can ba wanda ya san ni. Mutum na iya kama ɗaki ya rufe ƙofa."

"Fushi ka yi."

"Ban yi fushi ba. Ka riƙe baƙinka, sana'ar Baba ce, ba zan zama sanadin mutuwarta ba. Akwatin ma na bar maka, can zan samu wasu."

Da Sa'adu ya yi faɗa ne, da Isufu ya san yadda zai yi da shi. Wannan sanyin muryar ce ta gama da shi. Ya juya ya fita.

Gari ya waye ranar kasuwa. Su Intalla sun riga sun kimtsa, ana gyara igiyoyi, ana jiran fatoma ya shige gaba. Sai ga Isufu ya fito daga cikin gida da akwatin ƙarfe a ka, kamar ɗan dako, babban mutum da shi. Ya ratsa ta tsakiyar baƙi, ya dire shi gindin aduwa. Ya aika Dela ta kira Sa'adu. Da ya zo, Isufu ya cire mabuɗin daga wuyansa ya danƙa masa a hannu.

"Buɗe ka ɗauki wanda ka ga dama."

Sa'adu ya dubi mabuɗin, ya dubi baƙin da suka tsaya cirko-cirko. "Da murya?"

"Yadda ka ga dama. Ka kwanta, ka tsaya da ka, ka fara ta ƙarshe, ba ruwan kowa."

Ya faɗi haka ya juya masa baya, ya zauna a ƙasa bakin tabarma, fuskarsa na kallon baƙi. Intalla ya tako a hankali ya tsaya a kansa.

"Ɗan Mamani, ka san abin da ke cikin takardun nan yanzu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ka tabbata ba shi ya kai mu bariki ba?"

Isufu ya so ya ce ya tabbata. Ya so ya rantse. Amma ga wanda ya ɗauke shi yana jariri ba zai yi ƙarya ba.

"Gumiye sun iya bin sawu, Baba, kai ma ka sani. Amma in tabbaci kake nema, ba ni da shi."

"To don mi?"

"Ku kuna da gidan Elhaji. Shi in ya hau motar nan, ni ba ni da wani."

Dattijon ya dube shi ta saman rawani. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Ya ce Allah ya jiƙan Mamani, sannan ya juya ya yi wa mutanensa magana da harshensu. Aka shiga kwance igiyoyi. Raƙuma suka miƙe suna gurnani, aka kora shanu, aka naɗe tabarmi, aka kwashe butocin shayi. Alhusaini ne na ƙarshe, ya tofar da yawu gefen turke ya bi su. Suka nufi gabas da kasuwa, Dela na tsaye jikin danga hannu a baki.

Bayan gidan ya zama fili, sai turaku da kashin bisashe da kaji suna tono. Isufu bai tashi ba, ina za shi? Yau ba shi da ko akuyar da zai yi wa ciniki. Yana jiyo hayaniyar kasuwa daga nesa, yana sane da cewa yanzu haka Elhaji na can yana washe baki yana shimfiɗa buzu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba zai ɓoye ba.

A bayansa kuwa shiru. Ya ji an buɗe kwaɗo tun da safe, ya ji motsin tabarma, daga nan bai san me ake ciki ba. Wuyansa ya yi ta ƙaiƙayin ya waiga ya ga bakin nan, ya ga idon nan, ya ga ko littafin ma a hannu yake ko ƙunshin kaya. Ya dafe gwiwoyinsa ya hana kansa. Inuwar aduwa ta zagaya ta bar shi a rana, Dela ta kawo fura ta ajiye ta koma, bai taɓa ba.

Da kasuwa ta fara watsewa sai kamyon Maraɗi ya danna oda a tasha, yana kiran masu tafiya. Ya sake dannawa, doguwa. Isufu ya ɗauke numfashi ya kasa kunne, yana jiran ya ji an miƙe daga tabarma, yana jiran takun nan mai jan ƙafar hagu ya wuce ta gefensa. Injin motar ya tashi.

Can a bayansa ya ji an juya takarda.